Abin da masu walda suka ce kan na'urar auna karkatar hannu

A hirar da muka yi da masu walda a Zango, nan Damagaram, an tattauna kan ɗaura ƙaramar na'urar jin motsi a mariƙin sandar walda, don a san yadda hannun mai koyo yake karkata.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun maganaɗisu. Wutar da ke bi ta wayar walda tana haifar da maganaɗisu mai rikita kamfas ɗin da ke cikin na'urar, sai ya nuna alƙiblar ƙarya. Shawara ita ce a bar kamfas, a dogara da ma'aunin juyi da na girgiza, irin waɗanda ke cikin ƙaramar na'urar jin motsi mai suna MPU-6050. Sai dai lissafin ma'aunin juyi yana zamewa daga daidai a hankali, don haka a sake daidaita shi duk lokacin da aka canza sanda. A ganina wannan ce shawarar da ta fi amfani.

Wani dattijo ya ja kunne: a ɗaura na'urar can bayan mariƙi, nesa da zafi da tartsatsi, kada nauyinta ya gajiyar da hannu.

Abin da ake son yaro ya riƙe shi ne karkatar sanda ta digiri 5 zuwa 15 wajen da ake jan ta, a haɗin kusurwa kuma sanda ta tsaya kusan digiri 45 tsakanin ƙarafan biyu.