An ce ina da otizim ina shekara 38, in faɗa wa dangin miji ko in ja bakina?

Yar_Fagge:
Assalamu alaikum yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ɗana na biyu muka kai asibiti saboda bai yi magana da wuri ba, likita tana ta jero min alamomi ni kuma a raina ina cewa ai wannan duk ni ce, ƙarshe dai ni ma aka zauna da ni aka yi min tambayoyi har na yarinta, aka ce ina da otizim, wato wani bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke aiki da ke shafar mu'amala da mutane da yadda mutum ke jin hayaniya da abin da ya taɓa jikinsa. Yarana uku, ina koyarwa a firamare. Tun ina ƙarama sunana miskila a gidanmu. Gidan biki in aka saki kiɗa ga turaren wuta ga mata kowa na magana lokaci ɗaya wallahi ji nake kaina zai tsage, in na dawo sai in rufe ɗaki, magana ma ba ta fitowa sai washegari. Leshi ba na iya sawa, cizona yake. Baƙi su faɗo ba sanarwa ranar ta lalace kenan. Ko Hajiya surukata zan kira sai na tsara gaisuwar a kaina tukuna. Maigida ya sani kuma yana ƙoƙari, amma danginsa tuni suka yanke cewa girman kai ne da ni, ba na zumunci. To ga bikin ƙanwarsa na tafe, kamu, sa lalle, dina, yini, an riga an fitar da anko (leshi ne kuwa). In faɗa musu ko in yi shiru?

Anti_Nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ban yi mamaki ba, mata da yawa ta dalilin yaransu ake gano su don abin yana bin jini sosai. Da can lissafin da ake yi maza 4 mace 1 ne, wani nazari na 2017 ya ce ya fi kusa da 3 da 1, saboda mata sun fi iya ɓoyewa, suna kwaikwayon yadda ƙawaye ke dariya da hira har ya zame musu aiki, shi ne gajiyar nan da kike kwasowa daga biki. Mu kuma nan abin ya fi ɓuya, yarinyar da ba ta kallon idon manya, ba ta surutu, ba ta son fita, yabonta ake yi a ce ga kunya ga natsuwa, wa zai kai ta asibiti? Sai an yi aure hidimar dangi ta hau kanta sannan halin da aka yaba ya koma laifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, ke dai ki duba yawan yaran makarantarku. Ki kula da masu tallan maganin warkewa a Facebook, babu shi, kuɗinki za su ci. Amma in akwai damuwa ko rashin barci wannan ana dubawa, ki koma wajen likitarki.

Abu_Sadiq:
Hajiya kiyi haƙuri amma anya kuwa? Mai otizim da na sani ko magana ba ya yi, ke har aji kike riƙewa. Ki gwada ruƙiyya, wani lokacin iska ce.

Maman_Biyu:
Malam Abu Sadiq ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, wani ba ya magana wani kuma lakcara ne. Tun 2013 likitocin Amurka suka haɗe nau'in otizim ɗin da ake kira Asperger da sauran nau'o'in a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma a shekarar ne mawaƙiyar nan ta Birtaniya Susan Boyle ta bayyana cewa an gano tana da shi, ta haura 50 a lokacin. Addu'a kowa na yi, ba ta hana zuwa asibiti.

Yar_Fagge yar uwa ni ma a jirgin nake, sai da na wuce 40. Ni na faɗa wa kowa kuma ban ji daɗi ba, wata cewa ta yi ashe taɓin hankali ne, wata ta fara yi min magana a hankali kamar yar goye, abin da ya fi min ciwo har aka soma ƙus-ƙus kan auren yarana mata. Don haka ra'ayina kar ki ba su sunan, ki ba su abin da kike buƙata. Ki ce hayaniya na sa miki ciwon kai mai tsanani, likita ta ce ki rage, ba ƙarya kika yi ba. Ki zaɓi yini ki je da wuri, ki kama aikin da ba surutu kamar ƙulla kayan rabo ko zuba abinci a kula, a gan ki kin yi, ki sulale kafin a kunna sifika. Dina kuma maigida ya tsaya miki, shi zai yi wa Hajiya bayani ba ke ba, daga bakin ɗanta za ta fi karɓa. Leshin a sa masa shafi mai laushi har hannu.

Yar_Fagge:
Na gode Anti Nas, Maman Biyu Allah ya bar zumunci. Maganar auren yara ban ma kawo ta a raina ba, mata biyu ne da ni. Zan zauna da Abban yara yau da daddare. Akwai dai yayarsa guda mai riƙe sirri, ita nake tunanin faɗa wa gaskiya ko za ta dinga kare ni a cikin gida. Shafin kuma wane yadi kike sawa? Na tela ta ma yana cizona.