Masu bindigar toka, yaya kunnuwanku?

Ɗan Fadama, Argungu

Assalamu alaikum. Shekaranjiya bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida, jikata ta tsaya a bayana tana kira, aka ce har sau huɗu, ban waiwaya ba sai da ta ja mini riga. Yara suka yi ta dariya, ni ma na taya su, amma abin ya tsaya mini a rai.

Shekara 22 ke nan ina korar tsuntsun jan-baki a gonar shinkafa da bindigar toka. Wanda ya san fadamarmu lokacin da shinkafa ta fidda kai ya san ba farauta muke yi ba. Ko dalma ba ma sawa, albarushi ne da tsumma, ƙarar kawai muke nema. Ranar da tsuntsu ya sauko da yawa sai in yi harbi ashirin kafin rana ta faɗi. Da dare kunnena na hagu ya dinga kuka kamar an saka gyare a ciki. Da can kwana biyu yake yi ya daina. Yanzu shekara uku bai daina ba.

Ɗan ƙanena ya nuna mini a waya wai maharban Turai suna ɗaura wani ƙarfe a bakin bindiga, suna kuma ɗura harsashi mai tafiyar hawainiya, don kada ƙara ta yi yawa. Na ce ikon Allah, mu muna sayen ƙara da kuɗinmu, su suna biyan kuɗi a rage musu. To wa ya sami irin abin da na samu? Kuma abin nan na Turawa gaskiya ne ko na fim ne?

Tsohon maharbi, Bunza

Ɗansa ne ke rubutawa. Na karanta wa Baba, da ƙarfi, ya ce in sa yadda ya faɗa:

"Ka gaya ma mai shinkafa ba shi kaɗai ba ne. Mu da munka tashi, in ka ga maharbi shina ji da kunne biyu sai a ce bai daɗe da fara ba. Abin alfahari munka ɗauke shi. Amma ni ba ƙafa ta hana ni dawa ba, ba ido ba, kunne ne. Maharbi da kunne shi ka farauta. Kukan fakara da asuba, tashin zabi, motsin gada cikin busasshen ganye, duk da kunne aka fara gane su kafin ido. Wata rana gadu ya taso mini ta baya, ban ji komai ba, sai da na ga kare ya juya shina haushi. Daga rannan na rataye bindiga."

Ni kuma in ƙara da nawa: in za mu yi masa magana sai mun zagaya ta damansa. Na hagu ya tafi gaba ɗaya.

Maman Hafsat, Jega

Ku bar mu mata mu faɗi namu, don mu ke shan wahalar. Maigidana ɗan bindiga ne a hawan sallah, kuma yana zuwa farautar rani. Abin da ke ba ni haushi, in abokinsa mai katon murya ya yi sallama daga waje sai ya amsa, ni kuwa ina gefensa in yi magana sau uku ya ce mene. Shekara biyu ina zargin da gangan yake yi, har ƙara na kai wa yayarsa. Ranar da na yarda ba da gangan ba ne, jaririyarmu ta faɗo daga gado tana tsala kuka, shi yana tsakar gida yana gyaran keke bai ko ɗaga kai ba. Rediyo kuwa sai maƙwabta sun san tashar da muke ji.

Mai Yatsa Takwas, Talata Mafara

Kawu Ɗan Fadama, naka a hankali ya zo, nawa a rana ɗaya.

Sallar layya ce, muna samari, ana gasar wanda bindigarsa za ta fi amo. Wani abokina ya ce ya san dabara. Ya fasa harsashin bindiga mai baki biyu, ya juye garin da ke ciki a tawa. Ni a lokacin duk gari albarushi ne a wurina. Ashe na cikin harsashin zamani wani abu ne daban, ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushinmu nesa ba kusa ba, bututun da maƙeri ya yi ba zai ɗauke shi ba. Na ja kunama, abin da na sani ke nan. Na farka mutane na kaina, bakinsu na motsi, ban jin ko ɗaya. Yatsu biyu na hagu sun tafi, jini na fita ta kunne.

Hannun an kai shi asibiti, kunnen aka bar wa gida. Inna, Allah ya jiƙanta, ta dinga ɗumama man shanu tana ɗiga mini. Bayan mako guda ya fara mugunya, ga wari. Da muka koma likita ya ce dodon kunnen ne ya huje, kuma da an bar shi a bushe da ya haɗe da kansa cikin 'yan makonni. Ya haɗe daga baya, amma jin bai dawo duka ba.

Na kuma ga wanda ya manta bindigarsa na da duri ya ƙara wani a kai. Na ga wanda tasa ta ƙi tashi da damina, ya juyo bakin yana leƙawa. Wannan Allah ne ya kiyaye, hularsa kawai ta tashi.

Injiniya, ɗan Zuru mazaunin ƙasar Finlan a Turai

Baba Ɗan Fadama, ina gaisuwa. Abin da aka nuna maka gaskiya ne, na gani da idona, sai dai ba kamar na fim ba.

Maƙwabcina a nan tsoho ne maharbi. Kowace kaka ƙungiyarsu na fita farautar wata dabba da suke kira hirvi, dangin barewa ce amma ta kai doki girma. Ya ɗauke ni filin koyon harbi sau biyu. Yawancin bindigogin da na gani a wurin da ƙarfen nan a bakinsu, kuma ba wanda ke kallon mai shi a matsayin ɓarawo. Don kunnensu suke sawa, da na karnukansu, da kuma gidajen da ke kusa.

Shi ya fahimtar da ni cewa ƙarar bindigar zamani biyu ce a haɗe. Ta farko iskar wuta ce da ke fashewa daga bakin bindiga. Ƙarfen nan bututu ne mai ɗakuna a ciki, iskar ta bi ɗaki-ɗaki, ta huce, ta fita a hankali, kamar salansar babur. Ba mamaki, wani Ba'amurke Hiram Percy Maxim da ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1909 ya yi aikin salansar inji ma. Ta biyu kuwa ta harsashin ce da kansa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa a iska mai matsakaicin ɗumi, harsashin farauta kuwa ya ninka haka sau biyu ko fiye, sai ya tsaga iska ya yi tsawa kamar bulala. Wannan tsawar ba ruwanta da ƙarfen baki. Ba ta ɓacewa sai in harsashi ya gaza sauti gudu.

Shi ya sa wasu ke ɗura nasu a gida, mai nauyi, mai tafiya a hankali. Na ga ɗakin da tsohon ke wannan aiki, da izinin hukuma: ma'auni irin na masu sayar da zinariya, littafin kamfani a buɗe, na'urar auna gudun harsashi, kowane duri a rubuce da kwanan wata. Ya ce ragewa ma haɗari ce kamar ƙarawa, don harsashi kan maƙale a cikin bututu, wanda ya biyo baya ya tarar da shi. Har zafin gari yana lissafawa, domin a sanyin ƙanƙara sauti mita 331 yake yi, a irin zafinmu na Afrilu kuwa ya kai 355.

Abu biyu suka ba ni mamaki. Ɗaya, ba ya farautar babbar dabba da mai tafiyar hawainiyar. Dokarsu ta sa iyakar ƙarfin da harsashi zai kai kafin a harbi hirvi, don kada a raunata dabba ta tafi ta mutu a wahale, shi kuwa wannan ba ya zuwa nesa yake sunkuyawa. Na biyu, da harsashi na yau da kullum, duk da ƙarfen, sai da ya miƙo mini abin rufe kunne. Na cire sau ɗaya don in ji. Ban sake ba.

Malamar jinya, Birnin Kebbi

Na yi shekaru a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, irinku na gani da yawa, sai dai ba ku zuwa sai abu ya yi nisa.

Ana auna ƙara da desibel. Hira tsakanin mutum biyu kamar 60 ce. Daga 85 in mutum ya wuni a ciki kullum kunne na lalacewa, shi ya sa masu injin niƙa da na casar shinkafa ke cikin wannan layi tare da ku. Harbin bindiga kuwa 140 ne zuwa sama, wasu har 160 da ɗoriya, kuma a nan harbi ɗaya ya isa ya yi ɓarna. Ƙarfen da Injiniya ya faɗa kamar 20 zuwa 30 yake ragewa, ku yi lissafin da kanku.

Can cikin kunne akwai wani abu mai siffar katantanwa, da 'yan ƙwayoyi masu gashi kusan dubu goma sha biyar. Dodon kunne in ya huje yakan haɗe. Waɗannan in sun mutu ba sa tsirowa. Masu ɗaukar siririyar murya su ke fara mutuwa, to Maman Hafsat ki yafe wa bawan Allah, muryarki da ta jaririya su suka fara ɓace masa. Batun hagu kuma: mai harbi da dama yana kwantar da kai a gindin bindiga, kunnen dama ya ɓuya a kafaɗa, na hagu ya fuskanci baki. Ku tambayi bahago, nasa na dama ne.

Auduga ba ta tare komai a nan. Ku nemi 'yan toshe kunne na soso, irin na ma'aikatan masana'anta, ana samu a shagunan kayan aiki. A murza shi ya sirance, a ja kunne sama, a tura, a riƙe har ya kumbura. Kada a ɗiga mai ko ruwan ganye a kunnen da ya yi jini. Gwajin ji ba ya ciwo, ana yi a manyan asibitocin koyarwa, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna.

Sufeto mai ritaya, Gusau

Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma kada wani yaro ya karanta ya nufi maƙera. Can Finlan ne. A nan dokar makamai ta 1959 ce ke aiki. Ko bindigar toka, harba-ka-ruga da 'yan uwanta, a rubuce suke a cikinta, kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha na da ikon hana riƙe su ba tare da lasisi ba. Ƙera makami ko harsashi ba izini laifi ne mai kai mutum gidan yari. A halin da Zamfara ke ciki, a tsayar da kai a shinge a sami abin rage ƙarar bindiga a buhunka, wa zai saurari zancen kunne?

Ni ma na hagun ne, daga filin horo. A zamaninmu ba wanda ya ba mu ko auduga.

Manomi, Wasagu

Malama, Allah ya saka da alheri, amma ni ba zan toshe kunne a gona ba. Mu nan da kunne muke rayuwa. Ƙarar babura daga nesa ita ke gaya mana mu kwance shanu mu gudu. Harbin birai ma mun daina, don in ka yi harbi ɗaya ƙauye uku za su watse, mata su bar tukunya a wuta. Bara wani ya harbi zabo da magariba, sai da mai gari ya ci shi tara.

Malamar jinya, Birnin Kebbi

Gaskiyarka Malam, ban ce a wuni da shi ba. Lokacin harbin kawai, a saka, a harba, a cire. Kuma kunnen da kake tsaron rai da shi, shi ne harbin ke ci.

Ɗan Fadama, Argungu

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Tsohon Bunza, a gaishe shi ta dama. Mai Yatsa Takwas, ka sa na tuna ɗana na biyu ya fara karɓar bindigar in na gaji, shekararsa 16, kuma ban taɓa tambayarsa ko nasa na kuka da dare ba. Yau zan tambaye shi.

Malama, ranar Litinin zan shigo Birnin Kebbi sayen taki. Soson nan, guda nawa ya kamata in saya na mutum biyu zuwa girbi, kuma ana wanke shi ko yarwa ake yi?