Me ya sa tsohon fim ɗin faɗa yake zama a rai, sabo kuma ya wuce kamar ba a yi ba?

Mai Shagon Caji:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon cajin waya da tura fina-finai, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Matasan da ke zuwa wurina abin da suke nema bai wuce uku ba: fim ɗin faɗa, na ban tsoro, sai na almara mai dodanni da siddabaru. Sabon fim zai fito a yi ta rububinsa, bayan mako guda shiru, ko sunansa ba mai ƙara ambata. Amma tsofaffin fina-finan Jackie Chan da Bruce Lee, waɗanda hotonsu ma ya dushe, har gobe yaro ɗan shekara 15 yana zuwa ya ce a sa masa. Bruce Lee fa ya mutu tun 1973. Yanzu kwamfuta na iya rushe gari guda cikin minti ɗaya, amma sai in ga bene yana zubewa a fim ko gezau ban yi ba. Na ban tsoron ma haka, da an nuno fuskar dodon shi ke nan tsoro ya tafi. Idonmu ne ya ƙoshi, ko masu shirya fim ne suka yar da wani abu a hanya?

Tsohon Ɗan Silima:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni a Plaza da Orion na Kano na yi kallona, lokacin da 'yan kallo ke miƙewa tsaye in akta ya fara rama duka. Amsarka tana jikin ɗan wasa.

Ka sake kallon faɗan Jackie Chan ka lura da inda aka ajiye kyamara. Nesa take, kana ganinsa daga kai har ƙafa, kana ganin wanda zai kai masa naushi, kana ganin naushin ya sauka, duk a ɗauka ɗaya ba a yanke ba. Idonka ya shaida cewa mutum ne ya yi wannan tsallen. A Police Story na 1985 ya sulalo ta jikin dogon ƙarfe mai ɗauke da ƙwayayen lantarki a cikin wani katafaren kanti, tafin hannunsa ya ƙone. A wajen ɗaukar Armour of God a Yugoslabiya reshen bishiya ya karye da shi, ƙoƙon kansa ya tsage, sai da aka yi masa tiyata. A ƙarshen fina-finansa yakan nuna wuraren da aka yi kuskure aka ji ciwo. Ba ina cewa sai an karya mutum fim zai yi kyau ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake nufi, mai kallo yana gane lokacin da abu ya ci wa ɗan wasa wuya.

Sannan jarumin nasa yana jin zafi. In ya naushi ƙato sai ya yarfe hannu. In sun yi masa yawa ya ruga, ya rarumi tsani ko kujera ya kare kansa. Shi ya sa kake jin tsoron kada a kashe shi, alhali ka san akta ba ya mutuwa.

Yawancin na yanzu kuwa, naushi ɗaya sai a yanka shi gida uku, kyamara na rawa, duhu ya rufe rabin fuska. Ana yin haka ne don a ɓoye cewa ɗan wasan bai iya ba. Amma ban ce duka ba. Wanda ya ba da umarnin John Wick na 2014, Chad Stahelski, da can shi ne ke shiga madadin jarumi a wuraren haɗari, kuma ka ga yadda ya bar kyamara ta tsaya. Mad Max na 2015 ma motocin gaske aka kai hamadar Namibiya aka yi ta kifar da su. Rauninsu dai shi ne na kullum: labarin bai taka kara ya karya ba, an taɓa jarumi, jarumi ya fito ramuwa.

Maman 'Yan Biyu:

Malam mai shago, ni ta ɓangaren ban tsoro zan sa baki. Abin da ka lura da shi game da fuskar dodo gaskiya ne. A Jaws na 1975, fim ɗin wani ƙaton kifi mai cin mutane, kifin roba mai inji da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole daraktan, Steven Spielberg, ya rage nuna shi. Sai kiɗa, sai ƙafafun masu iyo daga ƙarƙashin ruwa, sai ganguna masu ruwan ɗorawa da kifin ke ja. Zuciyar mai kallo ce ta ƙera sauran, kuma abin da zuciyarka ta ƙera ya fi kowane dodon kwamfuta sanin inda zai taɓa ka. Paranormal Activity ma a gidan daraktan aka ɗauke shi da kusan dala 15,000, ya kawo sama da dala miliyan 190. Mene ne a ciki? Ɗakin kwana, ƙofa tana motsi da kanta, mace ta tashi cikin dare ta tsaya a kan saurayinta ba ta cewa komai.

Wannan na ƙarshen ya hana ni barci, domin ya yi kusa da abin da muka taso muna ji game da shafar aljanu. Mai shan jini da dogayen haƙora a tsohon gidan sarautar Turai bai taɓa ba ni tsoro ba, ban san shi ba. Abin da na tsana kuma shi ne a yi tsit, sannan a buga ƙara mai ƙarfi don ka zabura. Zabura ce ta daƙiƙa biyu, ko faɗuwar kwano a tsakar gida tana sa ka yin ta.

Ina da roƙo. Akwai waɗanda babu komai cikinsu sai yanka mutane da fiɗar gawa. Don Allah in ƙaramin yaro ya zo, kada ka tura masa irin waɗannan. Mu ne muke kwana da su in sun farka suna ihu.

Ɗalibi Daga Zariya:

Baba Tsohon Ɗan Silima, Allah ya ƙara girma, amma ina ganin an ɗora wa kwamfuta laifin da ba nata ba. Baahubali cike yake da aikin kwamfuta, tun daga gangaren ruwan har filin yaƙin, kuma na tabbata mai shago zai shaida har yau ana nemansa. Kashi na farko ya fito 2015, na biyu 2017, tsakaninsu mutane suna ta tambaya ɗaya: me ya sa Kattappa, amintaccen bawan gidan sarautar, ya kashe Baahubali? Ba giwaye ne suka riƙe mu ba. Amana ce, da bawan da rantsuwa ta ɗaure, da uwar da ta yanke hukunci bisa ƙaryar da aka kawo mata, da 'yan'uwa biyu a kan gadon sarauta ɗaya. Duk wanda ya taso yana jin labarin fada ya san wannan, masu fassara zuwa Hausa kuma suka ƙara kusanto mana da shi.

Inda fim ɗin almara ke faɗuwa shi ne in siddabarun ba shi da iyaka. A Lord of the Rings zoben siddabarun da jarumin ke ɗauke da shi yana cin duk wanda ya ɗauke shi, don haka kowane taku da nauyinsa. Amma in jarumi zai fito da sabon ƙarfi duk lokacin da aka ƙure shi, wanda ya mutu kuma a dawo da shi a kashi na gaba, me zai sa gabana ya faɗi?

Kuma Baba, a zamaninku ma an yi fina-finan karate barkatai marasa kan gado. Su an manta da su, masu kyaun ne suka iso shagon Malam.

Tsohon Ɗan Silima:

Wannan ta ƙarshe gaskiyarka ce ɗana, mun kalli tarkace da yawa. Amma ka koma yaƙin Baahubali na biyu, inda sojoji ke lanƙwasa bishiya ta cilla su bisa ganuwa. A nan ni na daina jin tsoron wani zai mutu. Labarin ne ya ɗauki wurin, ba faɗan ba.

Mai Shagon Caji:

Na gode ƙwarai. Ɗalibi, ana neman Baahubali kam, har matan aure suna aiko yara da waya a sa musu. Hajiya, na karɓi roƙonki, zan ware irin waɗancan a wani wuri daban, in yaro ya tambaya in ce babu nasa. Saura tambaya ɗaya: tunda ban tsoro ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kuma muna da labaran aljanu da mayu da fatalwa, me ya sa in namu suka yi sai a shafa wa mutum farar hoda a sa masa muryar inji? Akwai wanda ya san fim ɗin Hausa da ya ɓoye aljanin bai nuna shi ba?