"Tuwon girma miyarsa nama": to mai miyar kuka fa?

Malam Buba: Jama'a, mu duba karin maganar nan, "tuwon girma miyarsa nama". Ana yawan jefa ta ga magidancin da ya kawo cefane babu nama, har ya ji kamar ya gaza. Haka Bahaushe yake nufi?

Maman Ilham: A'a Malam. Girma ake magana a kai. Wanda yake son a ba shi girma sai ya saki hannu, ya ɗauki nauyin jama'a, kamar a sarauta ko saukar baƙo. Nan ne gurbinta. Ba a yi ta don tuwon yau da gobe ba.

Baban Sadik: Na yarda da rabi, Hajiya. Da nama bai da matsayi a miya, da ba a buga misali da shi ba. Yana gina jiki, yana ƙara jini. Abin tambaya, ta ina mai ƙaramin ƙarfi zai samu madadinsa?

Inna Larai: Daga wake, ɗan nan. Gero da dawa da masara suna da abin gina jiki amma da giɓi, wake ne ke cike giɓin. Shi ya sa shinkafa da wake, ɗanwake, da tuwo da miyar wake suke riƙe mutum. Inda ake kuskure shi ne kanwa. Ana zuba ta don wake ya yi saurin nuna, ita kuwa tana kashe bitamin B1 da ke cikinsa. A jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan da safe, a dafa da sabon ruwa. Zai nuna da wuri, a rage cin gawayi, kumburin ciki ma ya ragu.

Maman Ilham: Haka ne Inna. Ga yaran da suka wuce wata 6 kuma akwai garin kunu: gwangwani 6 na gero, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa. A soya kowanne daban, domin waken soya ya fi jimawa a wuta, a cire masa ɓawo, a haɗa a niƙa. Waken soyan da bai gasu sosai ba yana ɓata ciki. Gyaɗar kuwa a tsince ta da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, gubarta hanta take taɓawa kuma wuta ba ta kashe ta.

Malam Buba: To kun ga wasu za su ce "araha ba ta ado".

Baban Sadik: Wannan ta kayan sawa ce da kayan ɗaki, Malam, kada a jawo ta cikin miya. Zogale, rama, yakuwa da kuka duk masu araha ne, kuma su ne jikin ke nema. Sai dai a daina tafasa zogale har ya yi baƙi a tsiyaye ruwan a zubar. Ruwa kaɗan, minti kaɗan, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa, a matsa lemun tsami. Tsamin yana taimaka wa jiki ya ɗauki abin ƙara jini da ke cikin ganye, shayi kuwa yana hana shi, don haka a ba da tazarar kamar awa guda tsakaninsu.

Inna Larai: Manja ma kada a bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe. Jan nan shi ne amfaninsa ga ido. Ganyen shanya kuma a inuwa ake shanya shi.

Malam Buba: Ni dai har yanzu ina ganin karin maganar tana da gurbi a gida. Ranar da aka samu hali, a sa nama.

Maman Ilham: Ba wanda ya hana, Malam. In kuɗin kaɗan ne ma, hanta ko busasshen kifi da aka daka da ƙayarsa a miya sun fi tsoka biyu da maigida kaɗai zai cinye. Wake kuma a saye shi da kaka, a shanya ya bushe ƙayau, a cika jarka har baki a toshe. In iska ba ta shiga, ƙwari mutuwa suke yi, ba sai an zuba masa maganin feshi ba.