Wane yare ya kamata mayaƙan wasannin faɗa su riƙa yi?

Sadiq_TK ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun da na fara buga Tekken 8, wasan bidiyon nan na faɗa. Ni Hwoarang nake ɗauka, kuma duk ranar da ya haɗu da Jin, shi yana ta zuba Koriyanci, Jin na mayar masa da Japananci, babu tafinta a tsakani, amma kowa ya fahimci ɗan'uwansa. Da farko abin ya ɗaure mini kai. Yanzu kuwa na saba, har ina jin in aka cire wannan to rabin daɗin wasan ya tafi. Azucena 'yar Peru ce, Sifaniyanci take yi. Shaheen na Saudiyya da Larabcinsa. Victor Bafaranshe ne, kuma ɗan fim Vincent Cassel aka ɗauko ya ɗora masa murya.

Da na leƙa Street Fighter 6 sai na tarar zaɓi biyu ne kawai: ko kowa ya yi Turanci, ko kowa ya yi Japananci. Alhali a na huɗu da na biyar mutum na iya zaɓar wa kowane jarumi nasa. Ni Ryu nakan bar masa Japananci, Guile sojan Amurka na ba shi Turanci, hankalina ya kwanta. Wallahi ina kewar wannan tsarin. Jin Guile yana Japananci bai taɓa shiga kunnena ba.

To ku wanne kuka fi so, kowa da yarensa, ko a haɗa su a harshe ɗaya?

Malam_Bash ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Ina bayanka, amma kada ka ɗauka Tekken haka ya taso. Lili 'yar Monako ce, kuma Turanci take yi har zuwa Tekken 6. Haka Leo ma. Sai a Tekken Tag Tournament 2, wanda ya iso gidaje a 2012, aka mayar da Lili Faransanci, Leo Jamusanci, Miguel Sifaniyanci, Eddy da Christie kuma harshen Fotugal irin na Burazil. Daga nan ne suka ɗauki abin da muhimmanci, shi ya sa a Tekken 7 ka ji Claudio da Italiyanci, Fahkumram da yaren Tailan, Lidia da na Folan.

Kuma har yau da saura. Xiaoyu 'yar Sin ce amma Japananci take yi, duk da dai ana iya kare ta da cewa a Japan ta yi makaranta. Lars fa? Ɗan Suwidin ne, bai taɓa furta kalma ɗaya da yaren ƙasarsu ba. Nina 'yar Ayalan ce amma harshenta na Amurkawa ne. Wannan na Lars shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin in an iya nemo wa Lidia mai murya, shi ma ba zai gagara ba.

Ummi_Chun ta amsa:

Ni kam na saɓa da ku kaɗan. Ana tsakiyar faɗa wa yake da idon karanta rubutun ƙasan allo? Abin da na ji da kunnena na gane nan take, shi ke shiga raina, shi ya sa nake barin Street Fighter a Turanci. Kuma ku lura, ko a Turancin ba su taɓa sunayen dabaru ba. Hadouken da Shoryuken suna nan yadda suke tun Street Fighter II na 1991, domin kunnen mai wasa ya riga ya haddace su.

Abin da na fi damuwa da shi ma shi ne kunnen. Da na taɓa sauya muryar Chun-Li, kwana biyu hannuna yana makara, saboda ihun da na saba ji kafin in tare duka ya canza. Sai a lokacin na gane ashe ba da ido kaɗai nake wasa ba.

Sadiq_TK ya amsa:

Malama Ummi, wannan batu na kunne gaskiya ne, ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma akwai abin da fassara ke haɗiyewa. Asuka ta Tekken ba Japanancin Tokyo take yi ba, karin harshen mutanen Osaka ne a bakinta, kuma ko ba ka jin yaren za ka ji tsiwarta ta bambanta da ta sauran. In aka mayar da ita Turanci, ina wannan zai shiga?

Malam Bash, ka manta da King. Ɗan kokawa ne daga Meziko, amma gurnanin damisa kawai yake yi, a rubuta mana ma'anarsa a ƙasa. Shi kam ko an ba ni zaɓi ba zan sa masa Sifaniyanci ba.