Haɗin Suzuki yana baƙi da wuri, bifenil ne ke fitowa

Ɗalibi_Aliero: Assalamu alaikum malamai. Ina yin haɗin Suzuki, wato haɗa sinadarai biyu da taimakon ƙarfen faladiyam: 4-bromoanisol da fenilboronik asid don samun 4-metoksibifenil, da Pd(PPh3)4 (garin faladiyam mai hanzarta haɗin) da K2CO3 (fotasiyam kabonet) cikin toluwin, itanol da ruwa. Da ya ɗauki zafi sai ruwan ya yi baƙi ƙirin, TLC (gwajin da ke rarrabe sinadarai a kan faranti) kuma bifenil yake nunawa, ba abin da nake nema ba, bromoanisol ɗin na nan bai taɓu ba. Ina matsalar take?

Dakta_Jega: Wa alaikumus salam. Oksijin ne, ɗana. Shi ke sa boronik asid biyu su haɗu da juna su ba ka bifenil, shi ne kuma ke lalata fosfin (PPh3) ɗin da ke riƙe da faladiyam. Da fosfin ya ƙare sai faladiyam ya dunƙule ya zube, baƙin da kake gani ke nan, kuma ba ya ƙara wani aiki.

Gwada haka a milimol 1: bromoanisol miligiram 187, boronik asid 146, K2CO3 276, toluwin mililita 4, itanol 1, ruwa 1. Toshe bakin filas da roba, ka tura naitirojin da doguwar allura har cikin ruwan na minti 20, da wata gajeriyar allura don iska ta fita. Ruwan K2CO3 ɗin ma a hura shi, nan ake yawan sakaci. Bayan haka ne za ka zuba Pd(PPh3)4 miligiram 35, ka ɗaura balan-balan na naitirojin, ka riƙe digiri 80 zuwa 85. Juya shi da ƙarfi, domin toluwin da ruwa ba sa gauraya. Rukunin metoksi yana rage wa bromin saurin amsawa, don haka ka bar shi ya kwana.

Malama_BirninKebbi: Dakta ya gama magana, amma ƙanena, duba kwalbar faladiyam ɗin tukuna. Pd(PPh3)4 mai kyau rawaya ne fes. In ya koma ruwan lemo ko ruwan ƙasa, ya riga ya mutu. Da zafin Afrilu a nan da firjin da wuta ke zuwa masa jefi-jefi, ba ya daɗewa. Pd(dppf)Cl2, wani garin faladiyam ɗin daban, ya fi jure iska, shi na fi so ga ɗakin gwaji irin namu.

Injiniya_Argungu: Ka auna zafin narkewa bayan tacewa. Bifenil wajen digiri 69 ne, abin da kake nema kusa da 87. A TLC da hekzen zalla, bifenil ne ke yin sama.

Ɗalibi_Aliero: Na gode, Allah ya ƙara sani. Malama, garin da ke kwalbar ruwan ƙasa ne. Nawa zan auna na Pd(dppf)Cl2 ɗin?

Malama_BirninKebbi: Kashi 3 cikin ɗari na milimol 1 ɗin, wato wajen miligiram 22 zuwa 25. Amma hura naitirojin ɗin na nan daram.