Zagaye sararin ƙasashen da ake yaƙi: kariya ce ko hanyar ƙara wa matafiya kuɗi?

Alhaji Ummaru, Jega: Assalamu alaikum jama'a. Tunda an taso da zancen kuɗin kujerar hajji, bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Wanga zagaye da jirage ka yi wai don yaƙin Sudan, ni ban yarda da shi ba. Jirgin fasinja shina tafiya sama da ƙafa dubu 30. Wace bindiga ka kai can? A 2023 kamfanonin jigilar alhazai sunka ce sai an ƙara dala 250 kan kowane mutum saboda nisan hanya. Ni a wurina dama ce sunka samu. Da sun miƙe ta sama sun wuce, babu abin da za ya same su.

Hajiya Kulu, Argungu: Wa alaikumus salam Alhaji. Ina cikin waɗanda suka tafi a shekarar. Tafiyar ta yi tsawo ƙwarai, tsofaffin da ke kusa da ni har ƙafafunsu suka kumbura saboda zama, kuma an taɓa mana guziri. Na ji zafin hakan. Amma da an tsaya a bakin jirgi an ce mu zaɓa, ta kan Khartum ko a zagaya, wallahi zagayen zan zaɓa. Ko direban mota a tashar Argungu, in aka ce masa hanya ba kyau, ba ya cewa motata na da gudu.

Injiniya Nasiru, Birnin Kebbi: Kawu, a yi mini afuwa, ba kamfanoni ne suka rufe sararin Sudan ba, hukumomin Sudan ne da kansu bayan faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Filin jirgin Khartum na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, har wani jirgin fasinja na Saudiyya ya sha harsashi yana ƙasa yana shirin tashi. Kuma jirgi ba ya tafiya shi kaɗai a sama, akwai masu ba shi hanya daga ƙasa, su raba shi da sauran jirage. In waɗannan mutane sun gudu daga bakin aiki, wa zai yi magana da matuƙi?

Batun tsayi kuwa, lissafin da kuka yi shi ne wanda aka yi a Yukren a 2014. An hana jirage bin gabashin ƙasar ƙasa da ƙafa dubu 32, aka ce sama da haka lafiya lau. Ranar 17 ga Yuli jirgin Malesiya mai lamba MH17 ya taso daga Amsterdam zai tafi Kuala Lumpur, yana kan ƙafa dubu 33, bai karya dokar kowa ba. Makami mai linzami samfurin Buk, ƙirar Rasha, ya same shi a can. Mutum 298, babu wanda ya tsira.

Alhaji Ummaru: Allah shi jiƙan musulmin ciki. Amma Nasiru, wancan yaƙi ne da makaman Rasha ke ciki. Mi za ya haɗa shi da yaƙin Afirka?

Sajan Danladi mai ritaya, Zuru: Alhaji, bari in sa baki a nan, don wannan ɓangaren aikinmu ne. Kana da gaskiya a kan ƙananan makamai. AK-47 ba ta da abin da za ta yi wa jirgin da ke can ƙololuwa, haka babbar bindigar da ake girkewa a bayan mota. Makamin da ake saɓawa a kafaɗa ma ƙarfinsa na ƙarewa wajen ƙafa dubu 15 ko sama da haka kaɗan. Amma akwai manyan da ake ɗorawa a kan motar yaƙi tare da na'urar hango jirage, su suna wuce inda kowane jirgin fasinja ke bi.

Matsalar ita ce babu mai rubuto maka takarda ya ce yau na samo babban makami. A Yukren, kwana uku kafin MH17 an kakkaɓo wani jirgin dakon kaya na soja daga tsayin da ya kamata ya sa kowa ya farga cewa kayan da ke ƙasa sun canza. Sai kawai aka ɗan ɗaga iyakar tsayin, aka bar hanya a buɗe. Yaƙin Sudan kuma ba na masu gariyo ba ne, sojan ƙasa ne da wata runduna mai kuɗi, kowanne da masu kawo masa kaya daga waje.

Aminu, Yauri: Ni ina tare da Baba Alhaji a wani ɓangare. A ranar da aka harbo MH17, jirage 160 suka bi ta wannan yankin, ɗaya abin ya rutsa da shi. Mu nan muna hawa hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ko ta Zuru, da sanin abin da ke cikinta. In lissafin haɗari za a yi tsakani da Allah, zuwa filin jirgi ya fi tafiyar saman hatsari. Kuma zagayen ba kyauta ba ne: ƙarin mai, gajiyar matuƙa, ga jirage da yawa a matse cikin 'yar siririyar hanya ɗaya. Wanda ya yi shekara goma yana tara kuɗin noman shinkafa don kujera, ko dala ɗari ba ƙaramin abu ba ce gare shi.

Barista Hadiza, Birnin Kebbi: Aminu, hanyar Funtuwa da ka ambata ba mu da wata, kuma kowa ya shiga mota ya san inda za a bi da shi. Fasinjan jirgi bai sani ba, ba a kuma tambayarsa. Mutum ɗari uku sun miƙa wuyansu ga shawarar da aka yanke a wani ofis.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda aka bar wa shawarar. Bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, kowace ƙasa ce ke da iko da sararinta, ita za ta ce a buɗe ko a rufe. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ba ta da ikon rufe sararin kowa. To ƙasar da ke cikin yaƙi ita ce mafi ƙarancin son rufewa, don tana karɓar kuɗi daga kowane jirgin da ya ratsa, kuma rufewa tamkar shelanta wa duniya ne cewa abu ya fi ƙarfinta. Masu binciken Holan sun faɗa a rahotonsu na 2015 kan MH17 cewa Yukren na da isasshen dalilin rufe sararin gaba ɗaya, ba ta yi ba.

Ku duba Iran. Ranar 8 ga Janairu 2020 ta harba makamai kan sansanin sojan Amurka a Iraƙi don ramuwar kashe janar ɗinta Ƙasim Sulaimani, ta zauna tana jiran martani, amma ta bar filin jirgin Tehran yana aiki. Jirgin fasinja na Yukren ya tashi da asuba, dakarunta suka ɗauka makami ne ya taso musu, suka sakar masa guda biyu. Mutum 176. Sai bayan kwana uku suka amsa. Kada a ce gefe ɗaya nake kallo: a Yulin 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka, Vincennes, ya harbo jirgin fasinjan Iran da zai je Dubai, mutum 290. A Disambar 2024 jirgin Azabaijan da ya nufi birnin Grozny na Rasha ya faɗi a Kazakistan, mutum 38 suka rasu, daga baya Putin ya amsa cewa makaman kariyar Rasha ne. Duk waɗannan sojojin gwamnati ne masu horo, tsoro da gaggawa suka sa suka danna.

Murtala, Gusau: Mu da muke Zamfara mun ɗanɗana namu. Ranar da aka sako 'yan matan Jangebe, 2 ga Maris 2021, gwamnatin Buhari ta ayyana hana shawagin jirage a jihar. A watan Yulin shekarar 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi Alpha Jet a kan iyakarmu da Kaduna, matuƙin ya yi tsalle da lema ya tsira. To Oga Sajan, jiragen fasinja da ke ratsa samanmu zuwa Sakkwato fa?

Sajan Danladi: Murtala, jirgin yaƙi sauka yake yi ƙasa-ƙasa don ya kai hari, shi ya sa bindiga ta same shi. Na fasinja da ke tsakiyar tafiya ya fi ƙarfin abin da aka gani a hannun mutanen daji zuwa yanzu. Inda nake jin tsoro shi ne tashi da sauka. A Maris 2022 sun kai hari filin jirgin Kaduna, suka kashe mai gadi ɗaya. Dajin da ke kewaye da titin jirgi shi ne abin tsarewa a wurinmu.

Alhaji Ummaru: Duk na ji. Amma in kwana ya ƙare, ko ta ina anka bi da kai sai ka tafi. Mai zuwa ɗakin Allah mi za ya tsorata shi?

Malam Shehu, Gwandu: Alhaji, ajali gaskiya ne, babu mai ja. Sai dai ka tuna Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa Sarg aka gaya masa annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuma amincin hanya na cikin sharuɗɗan iko da malamai suka ambata a wajabcin hajji. Matuƙi amana aka ba shi, ba shi da hurumin yin tawakkali da ran wasu.

Alhaji Ummaru: Allah shi gafarta Malam, wagga na karɓa. Zancen tsayi ma na bar wa Sajan. Amma kuɗin ban sauka ba. Wa ya zauna ya auna man da zagayen ya ci, ya ga ya kai abin da anka nema? Kuma in hanya ta buɗe, ana maido da farashi baya?

Injiniya Nasiru: Wannan tambayar Kawu tana kan hanya. Ƙarin awa a sama kuɗi ne na gaske, mai da albashin ma'aikata da kuɗin ratsa ƙasashen da aka ƙara. Mun gani a maƙwabtanmu, da sojojin Nijar suka rufe sararinsu ranar 6 ga Agusta 2023 zuwa farkon Satumba, jiragen Turai masu zuwa Abuja da Legas sai da suka yi dogon zagaye. Amma lissafi ne da za a iya rubutawa a takarda ɗaya a nuna wa maniyyata.

Aminu: Kuma me ya sa talaka ne kullum zai ɗauki ƙarin shi kaɗai? Wannan babu wanda ya amsa mini.

Barista Hadiza: Ban da amsar da za ta gamsar da kai, Aminu, don kamfani ba zai tashi jirgi a kan asara ba. Abin da za a iya nema shi ne a sa a yarjejeniyar jigila tun farko: in an zagaya ga abin da za a ƙara, in an daina ga abin da za a mayar.

Hajiya Kulu: To ranar Asabar akwai bita. Barista ki rubuta mana tambayoyin uku: ta wace hanya za a bi da mu bana, nawa zagayen ya ƙara a kan kujera, kuma wa ke da ikon canza hanya in yaƙi ya ɓarke muna can. Alhaji Ummaru, ku ne babba, ku za ku miƙe ku karanta.

Alhaji Ummaru: Ta turo mini kafin Juma'a, in samu in duba.